Gidan da Babu Matakala

"Ɗari da goma sha biyu!" ta faɗa tana haki, ta dafe ƙarfen matakala. "Wallahi duk wanda ya sayi gidan nan, shi da ƙiba sai dai a lahira."

Tartsatsi ko murmushi bai yi ba. Ya dire jakar kyamararta a ƙasa, ya harɗe hannuwa, fuskar nan a murtuke.

Tsohon tankin ruwa ne wani mai hannu da shuni ya saya ya mayar da shi gida. Ɗakuna uku can a sararin samaniya, duk zagayayyu, bangon gilashi ne tun daga ƙasa har rufi. Aikinta ke nan, ɗaukar hoton gidajen da uwarɗakinta dillaliya take sayarwa, ta rubuta musu kirari, ta sa a intanet. Makullai sun fi arba'in a jakarta, shi ya sa yake ce mata 'Yar Makulli. Shi kuwa mai walda ne. Ita ta laƙaba masa Tartsatsi tun ranar da suka fara haɗuwa, da ya ƙona mata gefen mayafi yana gyaran ƙofar wani gida, ya bi ta da ban haƙuri har bakin titi. Shekara uku ke nan bai gama ba da haƙurin ba.

"Zo ka gani, masoyina!" Ta buɗe hannuwa tana juyi a tsakiyar ɗakin. "Nan za mu sa gado. Da safe in na buɗe ido, gari gaba ɗaya yana ƙarƙashin ƙafata. Can kuma kicin, ina soya maka ƙwai ina gaisawa da shirwa..."

"Kawuna ya sake tambayata," ya ce.

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ɗaga kyamara ta ƙyasta wa taga hoto.

"Na ce Kawu ya sake tambayata ranar da za su zo a tsayar da magana. Karo na uku ke nan. Me zan ce masa?"

"Ka ce masa... ana nan ana shiri."

"Shirin me? Wancan satin na kai ki ki ga ɗakunan da na kama mana a saman shagona. Ni da kaina na yi fenti, launin da kike so. Kika tsaya a gindin bene, kika ɗaga kai, kika ce 'kai!' kika juya. Ko mataki ɗaya ba ki hau ba. Amma yau kin hau ɗari da sha biyu kina dariya!"

"Wannan ai aiki ne."

"Aiki ne kike sa gado a ciki?"

To, kowa da abin da yake yi in ya rasa ta cewa, wani ya sosa ƙeya, wani ya duba agogo. Ita jakarta ta buɗe, ta zaro wata 'yar igiya shuɗiya mai ƙulli a kowane baki, ta nufi ƙofar banɗaki ta gitta ta. Igiyar ta fi ƙofar faɗi da kamar yatsa uku. Ta ja ƙaramin tsaki.

Ai kuwa kamar ta zuba wa wuta fetur.

"Yawwa, ga ta nan! Igiyar firij!"

"Igiyar me?"

"Kin ɗauka ban sani ba? Duk gidan da muka shiga sai kin auna ƙofa. Na ga irin firij ɗin a wayarki, mai ƙofa biyu, wanda ke aman ƙanƙara da kansa. Shi kike nema wa gida, ba mu ba."

"Firij a banɗaki, Tartsatsi?"

"Na san abin da masu kuɗi ke yi ne?"

Da wata rana ce da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Amma ya riga ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa, kuma ta nan ta fi zafi.

"Ki faɗa mini gaskiya, abar ƙaunata. Idonki ya saba da tayil mai sheƙi da fitilun da ke kunna kansu. Ni mai walda ne. In na yi miki kaɗan, ki faɗa tun yanzu, zan iya ɗauka."

Idanunta suka kawo ruwa. Ta wurgar da igiyar a ƙasa, ta fizgi jakarta.

"In haka ka ɗauke ni bayan shekara uku, to na gode!"

Ta juya a fusace. Sai dai fushi a tankin ruwa ba shi da armashi, domin matakala ɗari da sha biyu tana jiran mai fushi kamar yadda take jiran kowa. Tana sauka tana kuka tana haki, shi yana biye da ita a nesa yana cewa ta riƙe ƙarfe.

*

Gidansu a hawa na uku yake, ɗaki biyu da falo, matakalar ƙunci gare ta kamar maƙogwaro. Nan Baba yake zaune shekara biyu cur. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa doguwar bas, babu garin da bai taka ba, sai ga shi rana ɗaya ya faɗi a banɗaki, ƙafafu suka ƙi tashi. Tun daga nan keken guragu ya zama ƙafarsa. In za a kai shi asibiti sai an nemo ƙarti huɗu su sauko da shi, kuma ya tsani abin kamar mutuwarsa. Mahaifiyarta ta rasu tun tana makaranta. Ita kaɗai gare shi, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Uwata.

Igiyar nan faɗin kekensa ce. Ranar da aka kawo keken ta yanke ta.

Me ya hana ta faɗa wa Tartsatsi? Baba ne ya hana. Ranar da ya ji an fara zancen aure ya kira ta, ya ce: "Uwata, ki saurare ni da kyau. Ranar da kika ɗora wa yaron nan nauyina, ranar zan tattara in koma ƙauye wajen Gwaggonki. Ban haife ki don ki kai wa miji kaya biyu ba." Kuma Baba ba ya magana biyu. Ƙauyen Gwaggo kuwa, kafin ka ga likita sai ka yi tafiyar rabin yini.

Ta rasa tudun dafawa. In ta yi aure ta tafi, wa zai juya shi, wa zai ba shi magani? In ta ce ya biyo ta, ya tafi ƙauye. Sai ta ƙudurta a ranta cewa wata rana za ta buɗe wata ƙofa da ɗaya daga cikin makullan nan, ta tarar da gidan da Baba ba zai iya ƙi ba. Tana jira, tana ɗaga wa Kawu rana.

Ta goge fuska a bakin ƙofa kafin ta yi sallama.

"Maraba da Uwata! Yau wane gida muka saya?"

Wasansu ke nan kullum da yamma. Ta haɗa shayi, ta jawo kujera kusa da kekensa, ta buɗe kwamfuta. Ita ce mai sayarwa, shi ne attajiri mai wuyar sha'ani.

"Ranka ya daɗe, ga wani katafaren gida, ɗaki tara, da tafkin ninƙaya a saman rufi."

"Tafki a saman kai? Ranar da ya yi yoyo a kan gado zan koyi iyo. Wuce."

"To ga tsohon gidan silima. Falon kaɗai zai ci mutum ɗari biyu."

Ya gyara tabarau. "Ba ki ga daɓen a gangare yake ba? Ka ajiye lemo a nan, ka je ka tsince shi a gindin talabijin. Wuce."

"Tsohon banki fa? Ɗakin ajiyar kuɗin aka mayar ɗakin barci, ƙofar ƙarfe kaurin taku biyu."

"Wato in uwargida ta yi fushi ta turo ƙofa, sai an nemo manaja? Ke dai ba kya ƙaunata!"

Ta kai shi tsohon jirgin ruwa da aka jawo tudu aka yi masa baranda, ya ce ba zai zauna a gidan da ya taɓa yin amai ba. Ta kai shi taragon jirgin ƙasa, ya ce wannan ba gida ba ne, lungu ne aka yi wa rufi. Da suka zo kan tankin ruwa ya yi dariya har da tari.

"Wannan kam na saya! A hau da ni sau ɗaya, shi ke nan an huta."

Dariyarta ta tsaya cak. Shi ma ya ji abin da ya faɗa, ya juya yana kallon taga, inda ake hango saman motoci suna wucewa.

"Ina yaron nan mai ƙona mayafi? Yau ban ji ya kira ba."

"Aiki ya yi masa yawa."

"Hmm," in ji Baba. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana kallon fasinja ta madubi, ai ba a yi masa ƙarya da fuska.

*

Kwana shida ba kira, ba saƙo. Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi sau ɗari. Kirarin gidajen ma ya daina fita. Ta rubuta wa wani gida mai lambu da maɓuɓɓugar ruwa "yana da ƙofofi da tagogi", uwarɗakinta ta karanta ta sauke tabarau.

"'Yar nan, lafiya? Ko kurkuku ai yana da ƙofofi da tagogi."

Rana ta bakwai uwarɗakin ta leƙo tana wani murmushi da ba a san dalilinsa ba.

"Ɗauki makullin tsohon gidan burodin nan na bayan tashar mota. An samu mai so."

"Wannan kangon? Shekara biyu ko kare bai tambaye shi ba."

"To yau an tambaya. Yi sauri, yana can yana jira."

Ita da kanta ta ɗauki hoton wurin a bara, cikin minti biyar, tana toshe hanci. Layi ɗaya ta rubuta a ƙasa: ya dace da sito. Ba ta taɓa nuna wa Baba shi ba, don babu abin mafarki a ciki.

Tana sauka daga mota ta hango mai sayen zaune a kan wani tsohon baro, da rigar aiki mai ramukan wuta. Tartsatsi ne. Ta ɗaure fuska tamau.

"Kai ne mai sayen?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Haya dai, ba saye ba. A buɗe mana mu gani."

Ta buɗe kwaɗon da ƙyar. Ƙaton ɗaki ne, ƙasa siminti, yanar gizo ko'ina, har yanzu ana jin ɗan ƙanshin fulawa. Ta fara karanto bayani da muryar aiki, ba ta kallon sa.

"Faɗinsa taku arba'in. Akwai ruwa, akwai wuta. Rufin yana buƙatar..."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro igiya shuɗiya.



Ya je ƙofar shiga ya gitta igiyar, ta shige har da ragowar taƙi biyu. Ya je ƙofar ɗakin fulawa, ta shige. Ƙofar ɗakin tanderu, ta shige. Ya tura ƙofar banɗakin ma'aikata da ƙafa, ya gitta, ya waiwayo ya dube ta.

"Baba ne ya kira ni shekaranjiya," ya ce. "Matakin ƙafar kekensa ya karye. Na ɗauko keken na kai shago, na sa tef ɗin awo zan yanki ƙarfe. Inci ashirin da takwas daga taya zuwa taya. Sai na ji lambar kamar na san ta. Ranar da muka yi faɗa, da na koma shago, don haushi na auna igiyar nan da kika yar, wai in je in tambayi kuɗin firij ɗin. Inci ashirin da takwas. Na zauna a ƙasa a gaban abokan aikina, wallahi sai da na yi hawaye."

"Tartsatsi..."

"Shekara biyu kina yawo da keken Baba a jaka, ni ina can ina kishi da firij! Ni wane irin sakarai ne? Na kai ki gindin bene mai mataki ashirin, ina jiran ki yi guɗa."

"Ba laifinka ba ne. Ni ce ban faɗa ba."

"Me ya sa, rabin raina? Kin ɗauka zan gudu?"

Nan ta fashe da kuka, ta zayyana masa komai, rantsuwar Baba da ƙauyen Gwaggo da ranakun da take ɗagawa. Ya saurara har ta gama, sannan ya miƙa mata hankicinsa, ta duba ta ga duk baƙin ƙarfe ne, ta mayar masa.

"Zo ki ga abin da mai hoto ba ta gani ba," ya ce.

Ya ja ta waje ya nuna mata bakin ƙofa. Babu dakali, babu mataki ko ɗaya. Siminti ne ya gangara a hankali har titi.

"Masu burodi da baro suke shigo da buhunan fulawa, da baro suke fitar da burodi. Duk ginin nan don taya aka yi shi. Na bi hotunanki ɗaya bayan ɗaya, gida ɗari da wani abu, har idona ya yi ja. A can ƙarshe na same shi."

Ta tsaya tana kallon gangaren simintin nan mai tsagu, kamar yau ta fara ganin siminti. Ta shiga gidaje masu tafki da masu lif, ba wanda ya taɓa burge ta kamar wannan.

"Gaba zan mayar shago," ya ci gaba. "Ɗakin fulawa namu. Tsakiya falo. Ɗakin tanderu na Baba, yana da ƙofarsa ta waje, kuma bangon bulo ne mai kauri, ba zafi ba sanyi. Firij kuwa..."

"Ka sake cewa firij in fasa auren!"

"Ashe akwai auren?"

Ta rufe fuska da mayafi. Can ta leƙo, murnar ta ragu.

"Baba ba zai yarda ba."

"Ba cewa za mu yi ya zauna ba. Ba shi ne mai kushe gidaje ba? Ya zo ya kushe."

*

Wata guda suka yi suna aiki. Shi da abokan aikinsa uku suka gyara rufi, suka kafa ƙarafan dafawa a banɗaki, suka sauke famfon wanke hannu zuwa daidai ƙirjin mai zaune. Ita ta yi shara da fenti har tafin hannunta ya yi kanta.

Ranar Asabar da hantsi ta ce wa Baba uwarɗakinta na neman ra'ayin dattijo a kan wani gida. Ya harare ta ta saman tabarau, amma ya ce a miƙo masa hularsa ta fita. Ƙartin nan suka sauko da shi hawa uku, yana rufe da ido, haƙoransa a datse, har aka sa shi a mota.

A bakin gangaren Tartsatsi ya kama hannun keken zai tura. Baba ya buge masa hannu.

"Sakar mini. Direba ake turawa?"

Ya kama tayoyin ya murza. Keken ya hau sumul. Ya shiga falo ya tsaya yana ƙare wa rufi kallo.

"Rufin ya yi tsawo. Gizo-gizo zai yi mulki babu mai tsige shi."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji ta.

"Fentin nan wa ya yi shi? Makaho?"

"Ni ce, Baba."

"To ya yi kyau."

Ya wuce kicin, ya dawo. Ya shiga banɗaki shi kaɗai, suka ji ya buɗe famfo, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya daɗe a ciki. Da ya fito bai kalli kowa ba, ya nufi ɗakin tanderu. Gado ne a ciki, da rediyo, da taga babba da ke kallon tashar mota. A tsakiyar ɗakin ya juya kekensa zagaye guda cif, bai taɓa bango ba. Ya sake juyawa.

Sannan ya tsaya, ya dube su su biyu a bakin ƙofa.

"Ni za ku yi wa wayo? Ƙarfen da ke banɗaki na wa ne, na uwarɗakin taki?"

Suka kalli juna.

"Uwata, me na ce miki?"

"Ka ce kada in faɗa masa. Ban faɗa ba, Baba. Kai ka ba shi keken da hannunka."

Tartsatsi ya durƙusa. "Baba, ba gidana za ka zauna ba. Ga ƙofarka can, da makullinta daban. Maƙwabta za mu zama. In ka ga dama ka shekara ba ka amsa gaisuwata ba."

"Ɗana, tashi. Kai yaron kirki ne, shi ya sa ba zan yi maka haka ba. Sabon aure da tsoho a gefe, yau magani, gobe asibiti? Na riga na yi magana da Gwaggonta. Ƙarshen wata za a zo a ɗauke ni, ku yi aurenku cikin kwanciyar hankali."

Ashe har ya shirya! Ta zo ta durƙusa a gaban keken, ta dafa gwiwoyinsa.

"To shi ke nan, Baba. Ka tafi. Ni ma zan haɗa kayana in bi ka. Shi kuma wannan ka san halinsa, zai biyo ni da injin waldarsa da janareta. Kuma ka san Gwaggo ko rediyo ba ta so a kunna."

Bakin Baba ya motsa, ya danne dariyar.

"Ba wasa nake yi ba," ta ce, hawaye na zuba. "Kana cewa kai nauyi ne. Da Inna ta rasu, wa ya koyi kitso a wajen maƙwabta don kada in je makaranta da tsefaffen kai? Wa ya riƙa sa ni a kujerar bayan direba ranar da babu mai riƙe ni, ina barci kana tuƙi a hankali fasinja na zaginka? Ka taɓa cewa na yi maka nauyi? Ni ba zan iya farin ciki a gidan da ba ka ciki ba, Baba. Na gwada a raina, gida ɗari na gwada, ba ya yiwuwa. In ka tafi ba sauƙi ka yi mini ba, maraici ka ƙara mini."

Ƙarar wata bas da ke ƙoƙarin juyawa a bakin tasha ta shigo ɗakin. Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Ya juya wajen taga don kada su ga idonsa.

"Dubi wancan," ya ce da dasasshiyar murya. "Dubi yadda yake cin taya da baya. Wa ya ba wannan lasisi?"



"Labulen nan a canza shi," in ji Baba. "Ba na son mai furanni."

Tartsatsi ya daka tsalle har kansa ya bugi saman ƙofa.

*

An ɗaura aure bayan sati uku. Kawu ya ce tun da yake bai taɓa zuwa neman auren da aka ɗaga masa sau uku, sannan aka ce ya yi sauri ba.

Kwana tara da tarewa, da safe, ta haɗa shayi ta ɗauka a faranti ta nufi ɗakin Baba. Ta yi sallama, shiru. Ta tura ƙofa. Gado a gyare, rediyo a kashe, ba Baba, ba keke.

Farantin ya kusa suɓuce mata.

"Tartsatsi! Tartsatsi, Baba ba ya nan!"

Ya fito daga shago da tabaran walda a goshi. Suka duba banɗaki, suka duba kicin, suka duba bayan gida. Ta fita titi ba takalmi, ɗankwali a hannu, tana waige-waige, zuciyarta ta gama kawo mata duk wani mugun abu da ke duniya.

Sai ga shi can daga wajen tasha, yana murzo taya a hankali a gefen titi, hula a karkace. Jarida a cinyarsa da ledar lemo. Wani direba ya danna masa ham, ya ɗaga hannu kamar mai gari.

Ta ruga ta tare shi.

"Baba! Ina ka shiga? Ka san yadda hankalina ya tashi?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke da aurenki kike yawo ba takalmi? Na fita ne."

"Ka fita? Da wa?"

"Da wa kuma? Ni yaro ne?"

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai maganar ta dawo mata. Na fita ne. Shekara biyu rabon da ta ji wannan daga bakinsa. Ta tsuguna a nan gefen titi, ta kifa kai a hannun keken tana kuka tana dariya, mutane na wucewa suna kallo. Tartsatsi ya tsaya a bayanta yana share ido da bayan hannu, yana shafa wa fuskarsa baƙi.

Baba ya zaro lemo ɗaya ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ungo, daina kunyata ni a gaban jama'a. Kuma gobe kada ki ajiye mini abincin rana, ina da wajen zuwa."